Kalmar "ship" ta Turanci: jirgin ruwa ce kaɗai, ko akwai abin da ba a koya mana ba?

Alhaji_Sabo_Kwari:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni zuwa ga malaman Turanci da masu harkar shigo da kaya. Makon jiya na yi odar sarƙoƙi da 'yan kunne daga Caina, kaya marasa nauyi, na ce a sako mini su ta jirgin sama. Da rasit ya zo sai na ga an rubuta "shipping fee". Mu dai abin da aka koya mana tun firamare shi ne "ship" jirgin ruwa ne. Na kira ejan ɗina hankali a tashe, a zatona an zuba kayan a kwantena, sai bayan wata biyu. Ya ce in kwantar da hankalina, ta sama za su zo, haka ake rubutawa.

Ina ba da labarin a gida sai 'yata da ke aji biyar a sakandare ta ƙara mini wani ɗaurin. Ta ce Baba, ai akwai "scholarship" da "friendship" da "leadership". To don Allah me ya haɗa jirgin ruwa da abota da shugabanci? Kalmar ma daga ina Turawa suka samo ta?

Danladi_Apapa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ejan ɗinka gaskiya ya faɗa maka. Shekarata 14 ina fiton kaya tsakanin tashoshin ruwan Apapa da Tin Can a Legas. A harkarmu "shipping" yana nufin aika kaya, ko ta ruwa, ko ta sama, ko a bayan tirela. In kana son ka tabbatar, duba takardar da aka ba ka. Ta ruwa sunanta "bill of lading", ta sama kuma "air waybill". Nan ne bambancin yake fitowa.

Auwal_G:
Ni na taɓa gani a wani saƙo na WhatsApp cewa "friendship" jirgi ne da ke ɗauke da abokai, shi ya sa in amana ta lalace ake cewa ya nutse. Kuma ina kyautata zaton ita kanta "ship" daga "safina" ta Larabci Turawa suka are ta. Ku duba, harafin farko kusan ɗaya ne, sannan f da p 'yan gida ɗaya ne.

Malam_Habu_Zariya:
Alhaji Sabo, Allah ya saka da alheri da wannan tambaya, ka kuma gaishe mini da 'yarka, don tambayarta ta fi ta ɗalibaina da yawa. Malam Auwal, ka yi haƙuri, duka biyun ba haka suke ba. Bari in bi su ɗaya bayan ɗaya.

A tsohon Turanci, wanda aka yi magana da shi a Ingila fiye da shekara 1000 da suka wuce, ana rubuta kalmar "scip". Haruffan s da c a haɗe a lokacin ana furta su kamar sh ɗinmu, don haka furucin bai yi nisa da na yau ba. Kakannin Ingilishi sun tsallako da ita ne daga yankin arewacin Jamus da Denmak a wajen ƙarni na 5, shi ya sa har gobe 'yan uwanta suna nan a can. Jamusawa suna cewa "Schiff", mutanen Holan "schip", 'yan Nowe "skip", 'yan Suwidin "skepp". Kalma ce ta gado a wannan dangin harsuna, tana nan tun kafin su yi wata hulɗa da Larabawa. Kamar da ta yi da "safina" kama ce kawai, kuma kama da wane ba ta wane.

Ita kuwa "ship" ta ƙarshen "friendship" wata aba ce daban. Ɗafi ne, wato guntun da ake liƙawa a jikin kalma, a tsohon Turanci "scipe" ake rubuta shi, kuma ɗan uwan kalmar "shape" ne, wato siffa ko yanayi. "Friendship" yanayin zama aboki ke nan. Aikin da yake yi shi ne wanda "ci" da "ta" suke yi mana a shugabanci, malanta, abota, sarauta. Har "worship", wato bauta, daga nan take: asalinta "worth" ne da wannan ɗafi, girmama abin da ya cancanci girma. Hujja mafi sauƙi tana Jamusanci. Jirgi "Schiff", abota "Freundschaft". A can ba su haɗu ba. A Turanci ne zamani ya goge su har suka zama rubutu ɗaya da furuci ɗaya.

Auwal_G:
Na karɓi gyara Malam. Amma kenan babu wata kalmar teku da suka ɗauka daga Larabawa?

Malam_Habu_Zariya:
Akwai mana. "Admiral", babban hafsan sojan ruwa, daga "amir" ta fito. "Arsenal" daga "darus sina'a", gidan ƙera jirage da makamai. "Monsoon", iskar damina ta tekun Indiya, daga "mausim". "Tariff" ɗin da Danladi yake fama da shi kullum a kwastan ma daga Larabci ya bi ta Italiya ya shigo. Tunaninka yana kan hanya, kalmar ce dai ba ta cikinsu.

Alhaji_Sabo_Kwari:
Malam Habu, Allah ya ƙara ilimi. Na fahimci na abota. Amma har yanzu ban gane yadda aka yi jirgin ruwa ya koma aika kaya ta sama ba.

Danladi_Apapa:
Alhaji, Ingila tsibiri ce. Ɗaruruwan shekaru duk abin da zai fita ko ya shiga ƙasar dole sai ta ruwa. Saboda haka "to ship" ya zama a loda kaya a jirgi a aika. Da jirgin ƙasa da mota da jirgin sama suka zo, sai bakin 'yan kasuwa ya riga ya saba, musamman a Amurka. Dubi mu ma nan. Akwai tashar tsandauri ta Dala a Kano da ta Kaduna, ana kiransu "port", ana maganar "shippers", alhali ko kwale-kwale bai taɓa zuwa wurin ba.

Kwamanda_Garba_rtd:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karanta zauren nan ban sa baki ba, amma yau an taɓo inda na ci abinci shekara 29. Abin da nake son matasa su sani shi ne, a aikin ruwa ba kowane jirgi ake kira "ship" ba. In ka kira babban jirgin yaƙi "boat" a gaban kyaftin ɗinsa, ka yi masa rashin kunya. Ƙa'idar da ake koya wa sabon shiga ita ce "ship" yana iya ɗaukar "boat" a kansa, "boat" ba ya iya ɗaukar "ship". Amma jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa, komai girmansa, ko da mai makamin nukiliya ne, "boat" ake ce masa. Al'ada ce ta tun lokacin da suke ƙanana. Jamusawa ma nasu "U-Boot" suke kira.

A zamanin jiragen da iska ke turawa abin ya fi haka tsauri. "Ship" a bakin matuƙa na nufin jirgi mai dogayen sanduna uku ko fiye, kowace an rataya mata manyan ƙyallaye a gicciye. In tsarin ya bambanta, sunansa daban: "brig", "barque", "schooner". Sai da inji ya zo wannan bambanci ya mutu.

Ku kuma lura da haruffan da ke gaban sunan jirgi. NNS, kamar NNS Aradu da aka ƙera a Jamus ya fara aiki a 1982, S ɗin ƙarshe "ship" ce, jirgin rundunar sojan ruwan Najeriya. Na Ingila HMS, na Amurka USS. RMS da ke gaban Titanic kuwa yana nuna jirgi ne mai kwangilar ɗaukar wasiƙun gidan waya na Ingila.

Maman_Safinatu:
Ranka ya daɗe Kwamanda, gaskiya ne wai Turawa suna ɗaukar jirgin ruwa a matsayin mace? Na ji a wani shiri ana ta cewa "she", na rasa wace mata ake nufi, ashe jirgi ne.

Kwamanda_Garba_rtd:
Gaskiya ne Hajiya. Ni har yau bakina ba ya iya cewa "it" ga jirgin da na yi aiki a cikinsa. Wanda ya kwana wata uku a tsakiyar teku, babu abin da ke tsakaninsa da mutuwa sai wannan ƙarfen da ikon Allah, ba zai kira shi kamar kujera ba. Tana ɗauke da kai, tana ciyar da kai, tana kai ka gida. Uwa ce.

Malam_Habu_Zariya:
Kwamanda, Allah ya ja kwana, na ƙaru da bayaninka na "brig" da "barque". Ƙari kaɗan a kan tambayar Hajiya. A tsohon Turanci kowane suna yana da jinsi, kamar Hausa, sai dai nasu uku ne: namiji, mace, da wanda ba ko ɗaya. "Scip" tana cikin na ukun. Kenan "she" ɗin nan ba gadon nahawu ba ce, al'adar matuƙa ce da ta zo daga baya. Kuma tana ja da baya. Jaridar Lloyd's List ta Landan, wadda ke kawo labarin jiragen ruwa tun ƙarni na 18, ta koma rubuta "it" a 2002.

Kwamanda_Garba_rtd:
Na tuna lokacin. Su rubuta abin da suke so, Malam. Mu da muka shiga ruwa ba mu sauya ba.

Ustaz_Nura:
Tunda an ambaci safina, Maman Safinatu, sunan 'yarki ke nan, kuma a Larabci kalmar mace ce. A Alƙur'ani mai girma jirgin ruwa ya zo da lafazi fiye da ɗaya. Akwai "safina" a Suratul Kahfi, jirgin miskinan da bawan Allah ya huda a gaban Annabi Musa, alaihis salam. Akwai "fulk", wanda ya fi yawa, har da jirgin Annabi Nuhu. Akwai "jawari", masu gudu a kan ruwa, waɗanda Suratur Rahman ta kwatanta da duwatsu saboda girma. Duk mu a tafsiri "jirgi" muke cewa. Larabawa kuma suna yi wa raƙumi kirari da jirgin sahara, Turawa ma suna faɗin haka da harshensu.

Maman_Safinatu:
Allah ya saka Ustaz. Sunan kakarta aka sa mata, sai yau na ji inda ya fito a Alƙur'ani.

Ummi_BUK:
Iyayena ku yi haƙuri in kawo ta zamani. A intanet yanzu in aka ce "I ship them", ana nufin mutum yana son wasu biyu su yi soyayya ko su yi aure, yawanci 'yan fim ko taurarin wani labari. Malam Habu, wannan ta wane gida ce, ta jirgi ko ta abota?

Malam_Habu_Zariya:
Ta gidan abota ce, Ummi. An yanko ta ne daga wutsiyar "relationship". Ta yaɗu a shekarun 1990 tsakanin masu kallon wani shirin talabijin na Amurka, The X-Files, waɗanda ke son taurarin shirin biyu su so juna. Abin sha'awa, su masu amfani da ita sun mayar da ita jirgi. In masoyan suka haɗu sai su ce jirgin ya tashi, in suka rabu su ce ya nutse. Ka ga Malam Auwal, saƙon da ka gani ba tarihi ba ne, amma Turawan kansu suna wannan wasan da kalmar.

Issoufou_Maradi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu da muka yi boko da Faransanci muna da namu rabon. Babban jirgi "navire", na gama-gari "bateau", na masunta "pirogue". Kayanmu sun daɗe suna sauka ta Kwatano da Lome, don ba mu da teku. Malaminmu a makaranta ya taɓa gaya mana cewa "bateau" daga "bat" ta tsohon Turanci Faransawa suka samo ta, wato kakar "boat". "Navire" kuwa daga Latin take, gida ɗaya da "navy" da "navigation" na Ingilishi. Malam Habu, haka ne?

Malam_Habu_Zariya:
Haka ne Malam Issoufou. Kuma aron bai tsaya nan ba. Dangin "ship" masu sk a farko sun shiga Italiyanci da Faransanci, suka zama sunan ƙaramin jirgi, sannan suka dawo Turanci a matsayin "skiff". "Skipper", shugaban jirgi, wanda 'yan ƙwallo ke kiran kyaftin da shi, daga mutanen Holan aka karɓo. "Équiper" ɗinku, wadda ta haifi "equipment", masana da yawa suna mayar da ita ga kalmar mutanen arewacin Turai ta shirya jirgi da ba shi ma'aikata.

Dokar ita ce, inda Ingilishi suka mayar da sk ta zama sh, maƙwabtansu na arewa sun bar ta yadda take. Shi ya sa "shirt" da "skirt" asalinsu kalma ɗaya ce. Siket ɗin da matanmu ke ɗinkawa da shat ɗin 'yan makaranta uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Sani_Mai_Shayi:
Ni matsalata furuci. Yaya ake bambanta jirgi da tunkiya? Yarona kullum sai an gyara masa a makaranta.

Ummi_BUK:
Kawu Sani, ka ce masa "ship" gajere ne, "sheep" a ja shi. Mu Hausawa ma muna da wannan, kamar fari na launi da fāri na ɗan fāri. Inda za a dage masa shi ne p ɗin ƙarshe, ya haɗe leɓɓansa sosai, kada ta koma f.

Baban_Yawuri:
Ina ta bin maganar nan, sai na ga kamar labarin kalmarmu ake bayarwa. Mu a bakin Kwara jirgi shi ne wanda ake sassaƙawa daga gungumen itace, a yi fito da shi, a yi su. Shi kakanninmu suka sani, kuma akwai Sarkin Jirgi tun kafin Bature ya zo. Da dogo ya isa Kano a 1911 aka ce jirgin ƙasa. Da na sama suka sauka Kano a 1925 aka ce jirgin sama. Yau in ka ce wa yaro a birni "jirgi ya tashi", sama zai kalla. Mai asalin sunan shi ne yanzu sai an ƙara masa "na ruwa" kafin a gane shi. Wannan abin yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

To Malam Habu, ita "scip" ɗin kafin ta zama jirgi me take nufi? Ko su ma daga itace suka fara?

Malam_Habu_Zariya:
Baba, ka tambayi inda masana suka rabu. Har zuwa tsohuwar kalmar da dangin Jamusanci suka gada, babu gardama. Daga nan zuwa baya ne ake saɓani. Wasu suna danganta ta da wani tsohon tushe mai ma'anar yanka ko tsagawa, wato itacen da aka rarake. Wasu suna ganin hujjar ba ta kai ba. Ni zuciyata ta fi karkata ga masu maganar itace, saboda ko'ina a duniya da gungume aka fara, amma ra'ayina ne.

Kuma yadda jirginmu ya hau ƙasa ya hau sama, nasu ma haka. Suna da "airship", wato balan-balan ɗin nan mai inji, suna da "spaceship". Nan ne ma muka rabu da su, don mu kumbo muka ce tun zamanin Apollo.

Bukar_Damaturu:
Baban Yawuri, share hawayenka. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune a jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da jirgin itace a binne. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da Jamus suka auna, ya kai kimanin shekara 8,000, tsawonsa ya haura mita 8. Shi ne jirgi mafi tsufa da aka samu a Afirka, kuma yana cikin mafiya tsufa a duniya. An fito da shi a 1994, aka kawo shi nan Damaturu. Daga itace guda aka sassaƙa shi, irin wanda ka kwatanta.

Kwamanda_Garba_rtd:
Allahu akbar. Su Ingilishi abin da suke alfahari da shi irin wannan shi ne na Sutton Hoo, wanda aka tono a 1939. Jirgi ne mai tsawon mita 27 da aka binne wani babban mutum a cikinsa a farkon ƙarni na 7. Itacen ya ruɓe, sai shatinsa a cikin yashi da ƙusoshin ƙarfe a jere. Mutanen da suka tuƙa shi, "scip" suke ce masa. Ku kwatanta da Ever Given da ya toshe mashigin Suwez kwana 6 a watan Maris na 2021, mita 400. Titanic da ake ta zuzutawa mita 269 ne. Duk suna ɗaya.

Dan_Mai_Wurno:
Daga Sudan nake gaishe ku. Kakanmu da ƙafa ya baro Sakkwato da niyyar hajji. Yana ba iyayenmu labarin ranar da ya fara ganin jirgin da zai tsallaka da su Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Ya ce ya daɗe a tsaye yana tasbihi, don bai taɓa zaton ruwa zai ɗauki abu mai wannan girma ba. Amma da zai ba da labari, jirgi ya ce, sunan da ya sani tun daga gida.

Danladi_Apapa:
Kwamanda, ni a takardunmu "vessel" na fi gani fiye da "ship". Me ya sa?

Kwamanda_Garba_rtd:
Saboda lauyoyi ba sa son gardamar da muka yi a sama. "Vessel" ta haɗe kowa, daga kwale-kwale har jirgin dakon mai. Dokokin hana karo a teku na 1972 da ita suka yi amfani. Asalinta mazubi ne, kamar tulu ko ƙwarya, shi ya sa likitoci ma suke kiran jijiyar jini da ita.

Auwal_G:
To ai Kwamanda wannan ma ya ƙarfafa maganar Malam Habu. Mazubi, rarakakken itace, duk abu ne mai rami a ciki.

Malam_Habu_Zariya:
Ya yi kama, Malam Auwal, amma mu yi hattara, kada mu koma inda muka fito da safina. "Vessel" daga Latin take, ba ta zama shaida a kan "ship" ba.

Alhaji_Sabo_Kwari:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Kayan sun iso jiya da yamma, ta sama, kuma na duba takardar kamar yadda Danladi ya ce, "air waybill" ce. Na karanta wa 'yata bayanin Malam Habu har sau biyu, ta kwafe a littafinta. Yanzu kuma ta ce in tambaya mata "township" da "hardship", na wane gida ne? Sannan Malam Bukar, in mutum ya zo Damaturu ana barinsa ya ga jirgin nan? Ina son in kawo yaran in an yi hutu.

Baban_Yawuri:
Alhaji, in za ka je ka sanar da ni. Ni ma ina son in gan shi da idona.